Mai Makulli da Ƙofar Auta

Rumfar Mai Makulli tana bakin titi, tsakanin shagon mai aski da wata mai sayar da bokitai. Ba ta da girma. Akwai tebur, benci, injin yankan makulli, da wani allon katako da aka kafa wa ƙusoshi, kowace ƙusa ɗauke da makullan da ba a riga an yanka ba. Garin ƙarfe ya shige ƙarƙashin faratansa ya yi zamansa, sabulu ya gaji ya ƙyale shi. Duk wanda ya kulle kansa a waje a unguwar, shi ake kira. Yakan zo da wata siririyar waya a aljihun gaba, ya durƙusa, ya kara kunne a jikin ƙofa kamar likita, kafin mai ɗaki ya gama bayanin yadda abin ya faru ƙofa ta buɗe.

Ranar Lahadi yana rufe rumfa, ya sa farar riga, ya tsaya a layin baya na mawaƙan coci. Muryarsa ba ta da daɗi amma tana da ƙarfi, kuma shugabar mawaƙa ta ce tana da amfani wajen tada masu gyangyaɗi. Matarsa ta gaya mini cewa a wajen waƙa babu wanda ya kai shi dogara ga Ubangiji.

"Sai an ce amin an fito waje," in ji ta, "sannan tsoronsa yake karɓar aiki."

Abin da yake tsoro a kansa shi ne ƙaninsa, wanda kowa ke kira Auta. A hannunsa Auta ya tashi bayan rasuwar iyayensu. Ya girma ya zama mai gasa burodi, har ranar da aka rufe gidan burodin da yake aiki. Zaman banza ya haɗa shi da abokai, abokai suka haɗa shi da kwalba. Da abin ya yi nisa, Mai Makulli ya je ya kwaso shi da katifarsa ya kawo shi gida, ya ba shi ɗakin baya kusa da tankin ruwa. Auta ya ce da bakinsa ya daina sha, kuma ya daina ɗin. Ba ya son magana, abinci ma sai an matsa. Abu ɗaya ya roƙa, ɗaki mai ƙofar da za ta rufu.

Mai Makulli ya sa wa ƙofar sabuwar kuba da hannunsa, ya miƙa wa Auta makulli, ya ajiye ɗaya a aljihu saboda gobara. Babu wanda ya ga laifin wannan.

Sai dai rufaffiyar ƙofa ba ta bar shi ya zauna lafiya ba. Yana rumfa yana aiki sai ya riƙa hango Auta a bayan ƙofar da kwalba. A makon nan ya yanka wa wani malamin makaranta makullin da ya ƙi buɗe ofishinsa amma ya buɗe banɗakin maƙwabta. Da ya ga ba zai iya zama a wuri biyu ba, ya yi abin da ya iya. Ya yanka wa matarsa makullin ɗakin Auta. Ta karɓa ta riƙa buɗe gwangwanin madara da shi. Ya yanka wa dattijon coci. Ya yanka wa shugabar mawaƙa. Ya yanka wa mai aski. Duk wanda ya ba makulli sai ya ce masa: "In ka bi ta wajen, ka ɗan leƙa shi, ba sai ka ƙwanƙwasa ba."

Dattijo ne ya fara zuwa. Ya buɗe, ya shiga, ya zauna a bakin katifa ya soma nasiha, a tsakiyar nasihar barci ya ɗauke shi. Auta ya koma ƙasa ya zauna yana yi masa fifita har la'asar. Shugabar mawaƙa ta zo da mata biyu, suka shiga da waƙa, suka tarar da Auta ya fito wanka daga shi sai tawul. Ba su daina waƙar ba, sun dai juya suna kallon bango har suka kai ƙarshe. Mai aski kuwa ya ɗauki aikin da zafi. Duk kwalbar da ya gani a ɗakin sai ya shinshina, wadda bai gane ba ya ɗanɗana. Ta bayan ƙofa ruwan sabulun wanki ne. Ya yini yana aski yana gyatsar kumfa.

Auta bai yi faɗa ba. Ya tako har rumfa ya ce yana son sabuwar kuba. Yayansa ya ɗauko masa mai kyau, ya miƙa masa da makulli biyu.

"Yaya, a jikin kwalin an zana makulli uku."

"Masu zanen nan ƙarya gare su."

"Na ukun yana aljihunka. Ga shi can yana leƙowa."

"Wannan na gobara ne."

"Yaya, gobarar nan ta shigo mini jiya da waƙa."

Mai aski, wanda ya leƙo daga shagonsa, ya yi dariya, kumfa ta fito masa, ya koma ciki.

A nan Auta ya faɗi maganarsa, ba tare da ɗaga murya ba. Ya ce yana fama da kansa, kuma faman ya ishe shi ba sai an ƙara masa da 'yan kallo ba. In aka sake buɗe masa ƙofa bai ce a shigo ba, zai naɗe katifarsa ya koma tsohon ɗakinsa. Mai Makulli ya san ɗakin. Tagarsa tana kallon mashaya.

Ranar Lahadi bayan sujada Auta ya tsaya a bakin coci da kwano yana karɓar makullansa. Wata tsohuwa ta ɗauka baiko ne, wato kuɗin da ake jefa wa coci, ta tsaya tana laluben jaka. Har mai kaɗa ganga ya jefa nasa, wanda Auta bai ma san an ba shi ba. Washegari Auta ya tafi can wata unguwa ya sayo sakata ya sa ta ciki, ya sayo kwaɗo na rufewa ta waje. Mai Makulli ya yi alkawari a gaban matarsa cewa ba zai taɓa ƙofar ba. Ya kuma ce ya miƙa Auta ga Ubangiji.

Alkawarin bai daɗe ba aka gwada shi. Wata rana Mai Makulli ya dawo cin abincin rana, ya ga shayin safen Auta a bakin ƙofa, ya huce, ƙuda ya faɗa ciki. Ya kira, shiru. Ya ƙwanƙwasa, shiru. Ya kara kunne, bai ji ko tari ba. Kafin ya san abin da yake yi, ya durƙusa, kwaɗo a hannun hagu, waya a hannun dama.

Matarsa tana shanya a tsakar gida. Ba ta ko juyo ba.

"Baban yara, me kake yi?"

"Ina duba ingancin kwaɗon ne."

"Da waya?"

"An cuce shi. Wannan ko atishawa na yi zai buɗe."

"To kada ka yi atishawar. Ka buɗe, ya tafi. Da kunnenka ka ji."

"In kuma yana kwance a ciki da kwalba fa? In ya faɗi? Ki ji shirun nan."

Ta matse riga, ta baza a igiya.

"Ba kai ka ce ka miƙa shi ga Ubangiji ba?"

"Na miƙa."

"Ka miƙa masa yaron, ka riƙe makullin. Shi Ubangijin ta ina kake so ya shiga, sai ya zo rumfa ka yanka masa?"

Mai Makulli ya ce mini bai taɓa jin waya ta yi masa nauyi irin na ranar ba. Hannunsa ya san hanya, juyi ɗaya ya rage. Ya daɗe a durƙushe. Sannan ya miƙa wa matarsa wayar. Ta soke ta a ɗankwali ta ci gaba da shanya.

Tun da yana durƙushe, ya jingina goshi da ƙofar ya fara addu'a, da muryar nan tasa ta layin baya. Mai sayar da bokitai ta ce daga titi ta ji. Ya fara da kai ƙarar kwaɗon, ya ce ƙarfensa na gwangwani ne. Ya nemi gafara saboda mai aski. Daga nan murya ta canza.

"Ya Uba, tsoro nake ji. Ni na goya yaron nan, ni na koya masa ɗaura takalmi. Kowace ƙofa a unguwar nan na buɗe ta, amma abin da ke cikin ƙirjinsa ba ni da wayarsa. Na gaji da gadi. Kai ba ka buƙatar makulli, ka shiga ka zauna da shi. In yana sha a ciki, naka ne. In barci yake, naka ne. Ni zan tsaya a waje. Ka riƙe mini hannu, don ka san halina. A cikin sunan Yesu."

"Amin," aka ce a bayansa.

Ya juyo. Auta ne tsaye kusa da tankin ruwa, fulawa har gwiwar hannu, burodi biyu a hammata. Tun da sassafe ya fita. Wani gidan burodi ne ya kira shi gwaji, bai gaya wa kowa ba, don in ba a ɗauke shi ba kada mawaƙa su zo yi masa jaje. An ce ya dawo gobe.

Mai Makulli ya dubi ƙaninsa, ya dubi ƙofa.

"To wa ke ciki?"

"Baban yara," in ji matarsa, "tun kafin ka aure ni kake sayar da kwaɗo. Ka taɓa ganin wanda ya shiga ɗaki ya rufe kansa da kwaɗo ta waje?"

"Kin gani, kika yi shiru?"

"Na gani tun safe. Amma ban taɓa jin ka yi addu'a irin wannan ba, na ce bari ka kai ƙarshe."

Auta ya ajiye burodin a kan tanki, ya share ido da bayan hannu, fulawa ta shafe masa fuska. Ya kama yayansa ya ɗaga shi. Ya buɗe kwaɗon da makullinsa, ya tura ƙofar.

"Shigo, Yaya."

Babu komai a ɗakin sai katifa, tawul, da kwalbar ruwan sabulu.

Auta bai koma tsohon ɗakinsa ba. Yana nan a ɗakin baya, yana fita aiki da sassafe. Ba a ce komai ya wuce ba. Bayan wasu watanni ya zame ya sha sau ɗaya, kuma ba wanda ya kama shi. Shi ya zo rumfa da ƙafarsa, ya zauna a benci ya faɗa. Yayansa ya kashe inji, suka sunkuyar da kai tare, wani mai jiran makulli ya jira.

Mai Makulli ya ce tsoron bai bar shi ba. Yakan zo masa yana tsakiyar aiki, sai ya tsaya, ya faɗa wa Ubangiji, ya ci gaba da yanka. In ya isa ƙofar Auta yana ƙwanƙwasawa, ko da yake matarsa ta ce ƙwanƙwasawar tasa ta fi kama da ta masu kashe gobara.

Kwaɗon yana nan, ya fara tsatsa. Da zan tafi ya nuna mini shi daga nesa, ya girgiza kai saboda rashin ingancinsa, hannuwansa biyu a bayansa.