Zuwa Dadin Kowa neman tsohuwar salansa

Cokulan da ke cikin kofin silba ne suka fara. Duk sanda Maigida ya tayar da babur ɗinsa sai su kama kar-kar-kar a kan kanta, tun ranar da ya sa masa sabuwar salansa mai rugugin da ke girgiza har ƙofofin gida. Babur ne ƙato na doguwar tafiya, wai girman injinsa sisi ɗari shida da hamsin. Ni dai abin da na sani, maƙwabciyarmu Maman Talatu ta same ni cikin kunya ta ce mijinta mai hawan jini yana firgita. Haƙƙin maƙwabci ba wasa ba ne. Na yi ta lallashi har Maigida ya yarda a mayar da tsohuwar, wadda ke wurin bakanikensa a Dadin Kowa. Sharaɗinsa ɗaya: in raka shi.

Mun tashi bayan sallar asuba daga Tumfure. Na bar wa ƙanwata 'yarmu Ummi, mai shekara shida, wadda sanƙarau ya rage wa ji tun tana goye. Na ɗora hular kwano a kan hijabi, na hau kujerar baya, sai na ji kamar an ɗora ni a kan katanga. Addu'ar hawa abin hawa kuwa sau uku na yi ta.

Damina ta yi kyau, masara ta fi mutum tsayi. Da Maigida ya ba babur wuta bayan Liji sai bishiyoyi suka zama zane ɗaya kore. A Kwadon awaki suka watse, wata tsohuwa mai tallan albasa ta toshe kunne tana cewa, "Kai ɗan nan, jirgi ne?" Don kunya na sayi albasarta ban taya ba.

A Dadin Kowa aka ba ni benci da soyayyen kifi mai yaji, bakanike ya duƙufa. Na tambaye shi ko ƙarfin babur zai ragu. Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ƙarfi a cikin inji yake. Dokin nan ɗaya ne, haniniya kawai Oga ya saya." Maigida ya yi kamar bai ji ba.

Dawowa ta fi daɗi. Na ji kukan tsuntsaye a gonakin shinkafa, na ji Maigida yana salati ƙasa-ƙasa, har hira muka yi. Ina tafe ina cewa a raina na koyi darasi: mai ƙarfin gaske ba ya buƙatar hayaniya.

Mun iso da la'asar. Maman Talatu ta ɗago mana hannu tana murmushi. Amma Ummi, wadda kullum ita ce ta farko wajen tarar Abbanta, ba ta fito ba. Na same ta inda take zama kullum, ta jingina bayanta da ƙofar ƙarfe ta ɗakinmu, tafin hannunta a manne da ita. Ban taɓa tambayar kaina dalilin wannan zama ba. Sai da na dafa kafaɗarta ta waigo, ta hango shi a tsakar gida yana cire hula, ta dube ni ta ce:

"Umma, yau ƙofa ba ta gaya min Abba ya dawo ba."