Motar Yaya Sabo Mai Sitiyari a Hagu

Bana shekara takwas ke nan da rasuwar yayana, Injiniya Sabo, kuma har gobe in na ji rurin mota mai kauri a titi sai na waiga. Kullum ba kowa ba ne, wani ne ya fasa salansar motarsa yana damun unguwa. Allah ya jiƙan Yaya, da yana nan da sai ya tare mutumin ya yi masa lacca a kan bambancin murya da hayaniya.

Shi yana zaune a Handsworth ta Birmingham, ni ina Moss Side a Manchester. Ya daɗe yana aikin injiniya a sashen hanyoyi na council, wato ƙaramar hukuma, har zamanin tsuke bakin aljihun gwamnati ya zo. Aka fara rufe laburare, aka rage motocin bas, sai kuma aka rage shi. Duk mun ɗauka kaya zai haɗa, domin tun ina uni babu Sallar da ba ya cewa, "Baɗi war haka ina Kano." Maimakon haka sai ya bugo mini waya yana wata irin murna, wai in zo in ga abin da ya samo.

Na je na tarar da gawar mota a gareji. Tsohuwar ƙirar Amurka ce ta ƙarshen shekarun sittin, ƙofa biyu, dogon hanci, tsatsa ta ci gindinta. Matarsa, Anti Rabi, tana tsaye ta riƙe ƙugu. Ta ce da ni, "Kai ne ƙaninsa, ka yi masa magana. Mutane suna neman job, shi ya je ya kwaso mana bola." Ban yi masa magana ba. Tun da aka sallame shi ban ga ya yi aski ba sai ran nan.

Wanda bai san Yaya ba zai ce wasa yake. Bodin kawai ya bari, sauran duk ya fitar. Ya sauke tsohon injin da kafiretonsa, ya ɗora sabo mai silinda takwas, mai injekta da ƙwaƙwalwa, irin wanda sai an jona masa kwamfuta kafin a san ciwonsa. Ya sa birki na zamani mai faifai, domin na asalin, in ji shi, addu'a ce kawai ke tsayar da shi. Amma abin da na lura da shi shi ne, kowane ƙarfe da Kano ya auna shi. Lagireto ya sa ƙato, wanda sanyin Birmingham ba ya buƙata, saboda zafin watan Afrilu. Shokozoba ya ɗaga ta saboda ramukan unguwarmu. Turawan da yake sayen kaya a wurinsu sun yi ta ba shi shawara ya mayar da sitiyarin dama kamar sauran motocin ƙasar. Ya ƙi ƙememe. Sitiyarinta a hagu yake, irin na gida, kuma gida za ta.

Ranar da ta fara hawa titi, wata Lahadi da safe, ni ya ɗauka. Ya murza makulli, garejin ya ɗauki rawa, Anti Rabi ta leƙo ta taga tana salati. Muka fito layin babu kowa. Mutumin da ya fi shekara ashirin yana tuƙi a Ingila ba tare da ko tikitin tara ba, da ya ji kansa zaune a hagu, sai hannunsa ya koma gida. A ƙasar da ake bin hannun hagu, ya karya kwana ya hau hannun dama abinsa, hankali kwance, har da jingina gwiwar hannu a taga. Ni kuwa ina ɗaga kai na ga bas mai bene ta nufo mu.

"Yaya! Wrong side! Innalillahi, wrong side!"

Sabon birkin nan ya yi aikinsa. Direban bas ya buɗe taga ya wanke mu tas, ya wuce. Yaya ya gangara gefe ya yi ta dariya har da dukan sitiyari. Can sai dariyar ta tsaya, ya share ido da hannun riga ya ce, "Wallahi, Auwalu, na ɗauka Ƙofar Nassarawa zan fita." Na tausaya masa a ranar fiye da ranar da ya rasa aiki.

Bai fita Ƙofar Nassarawa ba. Ciwon ƙoda ya zo, daga GP, likitan unguwa, sai asibiti, daga asibiti sai jiran layi. Da ya ga jikin ya ƙi, da bakinsa ya ce a binne shi a nan, kada a wahalar da yara. A maƙabartar Handsworth muka kai shi, cikin yayyafi.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Motocin lantarki sun cika titi suna wucewa shiru kamar marasa gaskiya, na san da ya ce ba ya yarda da motar da ba ta sallama. Da ya ji yadda man fetur ya koma a gida kuwa, da ya yi tsaki, ya zauna ya lissafa yadda zai rage wa injin ci, amma ba zai fasa tafiyar ba. Taurin kansa iri ɗaya ne da na mahaifinmu, kuma ina kewarsa ƙwarai.

Shi ya sa bara na ga ya kamata in cika masa burinsa, in kai motar gida. Na nemi masu kwantena, na yi magana da 'yan'uwa a Kano, aka share mata wuri a gidan gado. Na tafi Birmingham da albishir ɗina. Ban sami Anti Rabi a falo ba, 'yarta ta ce in duba gareji. Na same ta zaune a kujerar direba da hijabinta, injin yana ruri. Ashe duk Juma'a haka take yi, ta tayar da ita ta ɗan ɗumama, kada batir ya mutu. Matar da ta kira ta bola!

Na jira ta kashe, na zayyana mata shirin. Ta saurare ni har ƙarshe, ba ta katse ni ba. Sannan ta ce, "Allah ya saka da alheri, Auwalu. Amma mai kai ta gida yana nan kwance bayan layinmu. Shi bai tafi ba, ni ban tafi ba. In ka ɗauke ta, muryar wa zan riƙa ji a gidan nan?"

Na buga wa masu kwantena na ba su haƙuri. Yaya ya bar 'ya'ya masu tarbiyya, ya bar hanyoyin da ya gyara waɗanda ba wanda ya san shi ya yi su. Ya kuma bar mota da aka shirya wa zafin Kano, tana zaune cikin sanyi tare da iyalinsa. Allah ya kai haske kabarinsa, ya sada shi da gidan da ba a sake barinsa.