Geron da Aka Zuba wa Jini

Shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai gama ido ba, ƙanin mijina ya dawo daga Kano da samari huɗu da kyamara ɗaya ta aro. Ya ce fim suke yi na 'yan daba, ba irin na rawa da waƙa ba. A wani ɗaki suke taruwa a cikin birni, masu zane da makaɗa, kowa na ganin duniya ce ba ta san darajarsa ba.

Rumbunmu suke so. A labarin, 'yan daban sun kashe wani mai fataucin hatsi, sun kawo gawar ƙauye za su ɓoye. Lokacin sau ɗaya muke ɗora tukunya a wuni. Mijina ya tafi ci-rani. Inna, surukata, ta ce su yi abinsu, amma kada su taɓa hatsi.

Ina dawowa daga rijiya na tarar sun sauko da dami biyu sun baje a ƙasa. Sun kwantar da ɗayansu a kai, sun kwarara masa jinin akuya da suka karɓo wajen mahautan garin Tsanyawa, wanda ya kwana a galan. Wari ya cika gidan. Ƙudaje sun rufe zangarniya, mai kyamara yana cewa a ƙara jinin, bai fito sosai ba.

Na ce, "Ka san abincin kwana nawa ne wannan?"

Ƙanin mijina ya ce, "Yaya, ba za ki gane ba. Wahalar talaka muke son nunawa."

Ba mu da halin zubarwa. Na shanya, na sussuke, na wanke sau uku. Da na tuƙa tuwon kowa ya ci shiru, ni kuwa na mayar da lomata cikin kwano na tashi.

Bayan wata bakwai ƙanin mijina ya zo da kaset, muka je gidan wani mai bidiyo bayan azahar. Mu shida muka kalla. Hoton duhu, muryoyi kamar daga cikin tulu, sai ashar da hayaƙin taba. Da aka zo wajen rumbun, ƙafar mutumin kawai aka gani, aka wuce. Ƙanin mijina ya juyo yana duban fuskata, yana jiran yabo. Na fita waje na tofar da yawu.

Masu sayar da kaset sun ƙi karɓa. Na ji an nuna shi sau biyu a ɗakin nasu na cikin birni. Har yau in ya zo gaisuwa yakan ce mutane ne ba su waye ba a lokacin. Nakan ajiye masa ruwa in koma kan aikina.