Ƙullin Kanwa a Bakin Zanen Goggo

Ina tsakiyar duba jarrabawar ɗalibai Baffa Sani ya kira ni daga Kalgo. Bai tsaya gaisuwa ba. Ya ce, "Goggonki Hauwa ta cika." Na yi salati, sai na ji kaina ina tambayarsa ko ta samu ta kwanta. Shekara da shekaru a zaune take barci, don tana miƙewa a shimfiɗa ƙwannafi zai taso mata har maƙogwaro.

Goggo ƙanwar mahaifina ce, kuma duk danginmu na Gwandu ba wadda ta kai ta jiki. Yabo ne wannan, haka kowa ya ɗauke shi. Mahaifiyarta, Inna Dije, ta yi ƙuruciya a Malisa farkon zamanin Turawa. Ta ga shekarar da rumbuna suka ƙare, ta ga an binne ƙannenta. Ta fito da hukunci guda: abin da ta haifa ba zai nuna ƙashin wuya ba. Da hura da man shanu ta cika wannan alkawari a jikin Goggo.

Cikin Goggo dai bai sa hannu a alkawarin ba. Kumburi bayan kowane tuwo, gyatsa mai tsami, bayan gida sai an yi kwanaki. Aka kai ta asibiti a Birnin Kebbi, aka duba, ba miki ba ƙari. Likita ya ce ta rage jiki, ta rage maiƙo. Ta ce masa, "Ɗana, ciwon ba ka gan shi ba, amma ka ga maganinsa?" Duk da haka ta gwada.

Daminar da ta gwada ɗin kaɗai na san ta da kwanciya a miƙe. Kumburin ya lafa, tana takawa har kasuwa. Sai mata suka fara zuwa dubiya. Wasu suka ce mijinta ya karye, wasu suka ce sammu ne. Inna Dije, da tsufanta, ta hau mota zuwa Kalgo, ta dube ta, ta fashe da kuka.

"Hauwa, mi na yi miki da za ki nuna mini wannan ƙashi?"

Goggo ta karɓi ƙwaryar hura daga hannunta, ta shanye. Ba ta sake ragewa ba. Ta koma ga kanwar da take ƙullewa a bakin zane, tana tsotsa bayan abinci. Da na taɓa yi mata magana, ta ce, "Ɗiyata, ciwon ciki ni kaɗai ka jin shi. Rama kuwa duk gari ka gani."

Amma ba ta taɓa ɗura mini ba. In na zo hutu daga jami'a a bushe, aka cika mini akushi, sai ta juye rabi cikin nata kafin a lura, don kada a yi mini faɗa. Na san abin da wannan rabin yake jawo mata.

A zaman makoki na ga jikarta Nafisa, wadda ba ta gama sakandare ba. Mata na jan kumatunta suna cewa Hauwa ba ta mutu ba. Bayan an ci abinci na ga yarinyar ta dafe ƙirji, ta kwance bakin mayafinta. Kanwa ce.

Allah Ya jiƙan Goggo, Ya yafe mata, Ya yalwata makwancinta ta miƙe sosai. Ya ba Baffa Sani da sauranmu haƙuri. Ya kuma ba mu idon da zai ga Nafisa ta rage jiki, mu bar ta, ba mu je mata dubiya ba.