Kunyar Layin Inji Ta Kusa Kashe Min 'Ya

Na sha wahala, kuma ba zan yi wa maganar kwalliya ba. Lokacin da abin nan ya faru na haura arba'in da biyar, ina jan adaidaita sahu tsakanin Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, muna zaune a ciki da falo a wani gidan haya. Karatuna bai wuce firamare ba. Manyan 'ya'yana mata biyu suna gidajen mazansu, saura 'yar autarmu mai shekara takwas, wadda Allah ya yi jikinta ba ya karɓar gyaɗa, ba ya karɓar ƙwai, haka madara da alkama. Ba ƙyamar abinci ba ce irin ta yara. In ta ci, leɓenta ya kumbura, jiki ya yi ruɗu-ruɗu, maƙogwaro ya shaƙe. Likita ya gaya mana ƙiri-ƙiri cewa kiyayewa ce kawai maganin. To a Kano fa muke. Ƙosai da man gyaɗa ake soya shi, yajin tsire da ƙuli-ƙuli ake haɗa shi, burodi da taliya da fanke duk alkama ce, ko wainar fulawar da yara ke saya a bakin makaranta guba ce a wurinta.

Uwarta ce ke riƙe da wannan aikin har hawan jini ya taɓa mata ɓarin dama, hannun ya daina riƙe muciya. Da farko dangi suka riƙa aiko mana da abinci, Allah ya saka musu, amma duk kwanon da na buɗe sai in ji ƙanshin man gyaɗa. Na yi bayani har na gaji, aka ce iyayi ne. Ranar da na mayar wa yayata kwanonta a cike yadda ya zo, ta yi wata uku ba ta amsa gaisuwata. Daga nan na ɗaura zani a kan wando na shiga kicin da kaina.

Matata takan zauna a tabarma bakin ƙofar kicin tana ba ni umarni. Ta ce ina riƙe muciya kamar kan adaidaita, ta ce tuwona ya fi titin unguwarmu gargada. Na ƙona tukunya biyu kafin na iya talge. Na koyi miyar kuka da daddawa da manja, na koyi ɗanwake ba fulawa, da garin rogo da wake kawai, na ware mata cokalinta da kofinta. Abokan zamana na majalisar ƙofar gida kuwa suka samu abin yi. In na fito sai wani ya tambaya yau miyar me uwargida ta yi, wani ya ce a nemo min ɗankwali. Nakan yi dariyar yaƙe in wuce, amma a raina abin yana cina. Ban taɓa gaya wa kowa yana cina ba, shi ne ma ya yi min illa.

Ana saura kwana kaɗan ƙaramar Sallah yarinyar ta ce min ita dai bana tana so ta ci kek, ta kai wa ƙawayenta, don kowace shekara kallo ne nata. Maƙwabciyarmu, wata malamar makaranta Kirista 'yar Kudancin Kaduna, ita ta koya min yadda za a yi: garin shinkafa, ayaba nunanna a madadin ƙwai, ruwan aya a madadin madara, a gasa a tukunya da yashi a ƙasa, a kan gawayi. Mun gwada kaɗan da shinkafar da ta niƙa a ɗan injinta na ɗaki, yarinya ta ci lafiya lau. Sai wuta ta ɗauke kwana da kwanaki, dole sai injin unguwa. Malama ta ja min kunne sosai. Ta ce in sa mai inji ya kwance ya share, sannan ya fara zuba shinkafata kaɗan, abin da ya fito a zubar, kuma in bai yarda ba in ɗauko kayana in dawo.

Ranar jajibere na je. Layi ya miƙe, mata ne da 'yan mata zalla, yawancinsu da alkamar alkaki da finkaso, ni kaɗai ne mai gemu da kwano a hannu. Wata ta ce a ba Baba hanya kada miyarsa ta ƙone a gida. Wata ta tambaya ko ina karɓar aikin biki. Aka bushe da dariya, mai inji ya yafito ni in zo gaba. Da idona na ga alkama ce ta fita kafin tawa. Na yi masa maganar sharewa, amma da muryar da ni kaina da ƙyar na ji, don kada matan su ji su ƙara. Ya ce haba Baba, wa zai kwance inji ranar jajibere, ya bubbuga mazurarin da tafin hannu ya ce ai ya fita tas. Ni kuma a lokacin ba abin da nake so irin in bar wurin. Garin ya fito ya ɗan yi ja-ja, na ce wa kaina ƙura ce. Da na koma gida matata ta tambaya ko an share, na ce an share. Ƙaryar ke nan, kuma ba wanda ya sa ni.

Bayan an sauko daga Idi yarinyar ta ci yanka biyu na kek ɗin da na gasa da garin, tana cikin sabon kayanta, hannu ya sha lalle. Ba a jima ba ta fara sosa wuya, ta ce min harshenta ya yi nauyi. Kafin in juya leɓe ya tashi. Na sungume ta na saka a adaidaita, Malama ta riƙe ta a baya, uwarta tana jan jiki a tsakar gida ba ta iya biyo mu. Titi ya cika da masu yawon Sallah. Ina tuƙi ina jin numfashinta kamar ana busa usur, can kuma sai na daina ji, sai muryar Malama tana kiran sunanta. Ban san yadda na kai asibiti ba. Aka yi mata allura a cinya, aka sa mata robar iska a hanci, Allah ya dawo min da ita. Likita ta tambayi abin da ta ci, na faɗi gaskiya duka, har da layin. Kwananmu biyu.

Da muka dawo na gaya wa matata gaskiya. Ta ce ita da ba ta da hannu, da ko da rarrafe za ta je ta sa a kwance injin nan. Da yamma wana ya zo, ya ce ga irin abin da ake gudu in namiji ya tsoma hannu a aikin mata. Ya ce a mayar da yarinya ƙauye wurin iyalinsa, ta ci abin da kowa ke ci, jiki zai saba. Tunda na tashi ban taɓa musa masa ba, amma ran nan na ce Yaya ya yi haƙuri, ba shiga kicin ce ta jawo wannan ba, jin kunyar shigar ce, kuma yarinya ba inda za ta. Ya ce na yi taurin kai da tsufana. Na ce na yi. Ya sa takalmi ya tafi, har yau muna gaisawa ne sama-sama, kuma ban yi nadamar wannan ba. Nadamata ɗaya ce, muryar da na rage a gaban inji.

Don haka duk wanda Allah ya ba shi yarinya irin tawa, ya ji da kyau. Kada ka yarda da wai kaɗan ba ya komai, ɗan ragowar da ya maƙale a inji ne ya kusa kai tawa kabari. Kada ka yarda da wai za a saba. Ka tambayi mai da aka yi suya da shi, ka tambayi abin da aka niƙa kafin naka, ka tambaya da ƙarfi ko a gaban surukai ne. Za a ce ka cika fi'ili, za a yi fushi, a yi. Matan da suka yi min dariya ba mugaye ba ne, wasa suke, kuma sun tafi sun ci Sallarsu. Ni ne na tsaya a bakin gadon asibiti.

Washegarin zuwan wana, bayan sallar asuba, na jiƙa shinkafa, na shiga kasuwa na sayo sabon turmi da taɓarya da rariya, waɗanda ba su taɓa ganin hatsin kowa ba. Ban kai su cikin gida ba. A ƙofar gida na kafa turmin, a bakin titi, na naɗe hannun riga na fara daka. Wata tsohuwa da ta zo wucewa ta tsaya ta ce ba haka ake riƙe taɓarya ba, zan fasa tafin hannuna. Na ce Inna ta nuna min. Ta nuna min, na ci gaba.