Tokar Habasha da Sunan Inna

Ana idar da sallar asuba muka bar Damagaram, ni da wani abokina malamin lakwal, wato makarantar boko, ga goro da dabino a ƙafafunmu, ga turmin atamfa na maijego. Ba yawon buɗe ido ya tashe mu ba. Ƙanena yana aikin gadi a wata ƙasar Larabawa, matarsa ta haifi 'ya mace a gidan iyayenta, can wani ƙauye a kwarin Tarka, ya yanki tikiti zai zo suna. Sai wani dutse a Habasha da ya daɗe yana barci ya farka ya yi aman wuta, tokarsa ta haye sama ta tsallake teku ta tsaya kan hanyar jirage. Aka ce musu jirgi ba zai tashi ba, kowa ya koma masauki.

Ƙanen nawa ya kira ni, ya ce, "Yaya, ka je ka tsaya mini. A sa mata sunan Inna." Inna ta rasu yana can, bai samu jana'izarta ba, abin yana cin ransa har yau. Ƙauyen babu rezo, wato waya ba ta shiga, sai ranar kasuwa suke fitowa Balbeji su yi waya, kasuwar kuma ta wuce. Surukin nasa dattijo ne mai magana ɗaya: ranar suna ba ta ɗagawa, in hantsi ya yi ba a ji daga uban ba, shi zai zaɓa a yanka rago.

Ga inda tawa matsalar take. Surukan nasa ba su san sunanta ba, "Inna" kawai suka sani, domin haka kowa yake kiranta. Sunanta na yanka kuwa, tun da aka haife ni bai taɓa fita daga bakina ba. Ko wata mai irinsa na haɗu da ita, "mai sunan Inna" nake ce mata. Tun daga tasha nake gwada yadda zan faɗa wa liman, kalmar tana zuwa maƙogwaro tana komawa.

Kwaltar Tanut wani wuri sumul, wani wuri ramuka har haƙori na haɗuwa. Amma ƙasar Damargu da muke ratsawa bayan kaka abin kallo ce. Gonaki sun zama kara, shanu sun shigo suna kala, rumbuna a bakin kowane gari an ɗora musu sabuwar jinka. A Tanut muka sha fura da nonon da bai san ruwa ba, na sayi cuku, wato busasshen madarar nan ta makiyaya mai faɗi kamar tafin hannu. Tiyar hatsi ta sauko sosai in ka gwada da farashinmu na birni, har na yi ta cizon yatsa da ban zo da buhu ba.

Daga nan muka bar kwalta, muka hau wata tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya, mu da awaki da jarkokin mai. A Gangara aka tsaya azahar. Abokina, da yake ba ya ganin taro ya ƙyale, ya buɗe aji a gindin bishiyar bedi. Ya ce tokar dutse ba irin ta murhu ba ce, garin duwatsu ce mai kaifi, in ta shiga injin jirgi narkewa take ta liƙe. Ya ƙara da cewa in aman ya yi girma ƙwarai, hayaƙin kan rage ƙarfin rana, har damina ta rikice a ƙasashen da ba su taɓa jin sunan dutsen ba. Wani tsoho da ke saƙa igiya ya ajiye ta ya ce, "To, malamin lakwal, wannan ɗin zai taɓa mana damina mai zuwa?" Abokina ya ce iska gabas ta yi da tokar, ba wajenmu ba. Tsohon ya ce alhamdu lillahi, amma duk da haka ba zai sayar da rumbunsa na biyu ba sai ya ga shuka ta kama. Wallahi tsohon nan ya burge ni.

La'asar ta yi sanyi muka gangara kwarin Tarka. Yashi ya yi zurfi, direba ya taka, motar ta yi ƙara ta zauna, wani ƙarfe a ƙarƙashinta ya karye. Ya leƙa ya fito yana kaɗe riga, ya ce sai ya nemi babur ya je Balbeji, gyara kuma sai gobe da rana. Suna kuwa gobe ne da safe. Na zauna kan buhun goro ina jin haushin dutse da mota da ni kaina da ban taho tun jiya ba.

Kusa da mu akwai rijiya, makiyaya na shayar da raƙuma. Wani Ba'abzine mai furfura a gira, rawani ya rufe masa baki, ya kawo mana shayi ba tare da ya tambayi ko su wane ne mu ba. Sai da muka sha kofi na uku ya ce, "Malam, lafiya fuskarka haka?" Na kwashe labari na faɗa masa. Ya san ƙauyen, ya san dattijon, a kasuwa ɗaya suke cin ciniki. Ya ce zai tashi da asuba ya yanke ta daji, kafin rana ta ɗaga yana can. Na ce ya ɗauke ni. Ya dubi tumbina, ya dubi raƙumin, ya ce in mu biyu ne sai mun tarar ana suyar nama. Abokina ya yi dariya har da tari, na bar shi da Allah.

"Ba ni sunan," in ji Ba'abzinen.

Na buɗe baki, babu abin da ya fito. Abokina ya ce in rubuta, mutumin ya girgiza kai, ya ce shi saƙo a ka yake ɗauka, takarda tana faɗuwa a yashi. Na sake gwadawa, sai ga hawaye, ni da gemuna, a gaban mutane. Ya ja ni bayan raƙumin inda ba mai ganinmu, ya miƙo mini hannunsa, ya kau da kai gefe. "Kada ka faɗa. Uwa ce. Ni zan jero sunaye, in na zo kansa ka matsa hannuna." Ya fara a hankali, ɗaya bayan ɗaya, yana ɗan dakatawa tsakani. Da ya zo kansa na matsa. Bai maimaita ba, ya ce Allah ya jiƙanta, ya koma wajen dabbobinsa. Na bi shi da goro, ya ɗauki ƙwaya ɗaya, ya ce sauran na taron suna ne.

A zangonsu muka kwana. Da na farka sallah babu shi babu raƙumin. Sai bayan azahar muka isa ƙauyen a kan amalanke, nama ya riga ya hau wuta. Ban iya tambayar kowa ba. Dattijon ya tare mu da fara'a, ya ce baƙon ya iso liman na gyara zama, ya raɗa masa a kunne, ya yi fatiha tare da su, ya sha ruwa ya juya. Aka shigar da ni wajen maijego, kakar jaririyar ta ɗora mini ita a hannu tana cewa, "Ungo uwarka, ta dawo." Duk matan ɗakin Inna suke kiranta.

Washegari muka biyo motar kasuwa. Muna shiga Tanut rezo ya dawo, na kira ƙanena, har lokacin yana jiran jirgi. Na ce an yi, an sa. Ya yi hamdala, ya yi wa Inna addu'a.

Na dawo Damagaram da ciwon baya da cuku rabin jaka. Na koyi cewa dutsen da ban taɓa gani ba yana iya shiga har cikin sha'anin gidanmu, na kuma ga mutanen da ke ɗaukar nauyin baƙo ba su tambayi ladansu ba. Mutumin nan ban san sunansa ba, ban tambaya ba, abin yana damuna. Shi kuwa yana can cikin daji da raƙumansa, ya san sunan uwata.