Makaɗin da Yake Bin Ƙafar Tsofaffi

Duk ranar Lahadi, tun ba a kwashe kwanukan abincin rana a kulob ɗinmu na manoman rake ba, Reno Zammit yake shigowa ta ƙofar kicin da gangunansa, farar kwat ɗinsa a rataye a kafaɗa don kada zufa ta ɓata ta. Ba ya kafa ganguna a baya kamar sauran makaɗa. Bakin dandamali yake jawo su, inda zai ga filin rawa sosai.

'Yan Farar Kwat muke kiran ƙungiyar tasu. Jaz suke kaɗawa irin na da, mai sanyi, wanda iyayenmu suka nemi aure da shi. Reno ba ya dukan fata da sanda sai ta kama. Da 'yan tsintsiyoyin waya yake shafarta, shuu, shuu, kamar yayyafi a kan ganyen rake. Kuma ba shugaban ƙungiya yake kallo ba, ƙafafu yake kallo. Sai ya nemo wadda ta fi kowacce nauyi a filin, ya ɗora kiɗan a kanta, sauran makaɗan su bi shi. Tun muna da baƙin gashi haka yake yi.

Ku tambayi Gwenda Pirotta da aka sa wa ƙarfe a ƙugu. Ku tambayi mijina Aldo, wanda ɓarin jikinsa ya shanye bara waccan. Mutumin da ba ya iya zuwa bakin titi ba sanda, a gaban Reno yana kai waƙa har ƙarshenta a kan ƙafarsa.

To, tsohon shugaban ƙungiyar ya rasu, ɗansa Darcy ya gaji ƙahon busa ya gaji kujera. Idonsa na kan manyan otal-otal na birnin Cairns. A gaban mutane ya ce, "Kawu Reno, kiɗanka kamar tarakta a tudu. Yanzu ka ja, anjima ka yi gyangyaɗi."

"Ɗana, ba ni ke gyangyaɗi ba, ƙugun Gwenda ne."

"Ni ƙungiya na gada, ba asibiti ba."

Da wannan maganar aka sallami dattijo. Ko shayi ba a haɗa masa ba.

Lahadin da ta wuce Reno ya zo ba ganguna, ya zauna a tebur cikin 'yan kallo. Sabon makaɗin daga Cairns aka ɗauko shi, kuma ba zan yi masa ƙarya ba, ya iya. Kiɗansa kamar agogo, ba ya jiran kowa. Na ce wa Aldo mu zauna. Ya ce, "Dulcie, in na zauna yau, na zauna ke nan." Muka shiga.

Reno yana kallo. Ya ga ƙafar hagun Aldo ta makara. Ya ga ta sake makara. Ya ga mun kai tsakiyar fili, nesa da kujera, nesa da bango, nauyin namiji duk ya dawo kan tsohuwa, ga masu rawa suna juyowa ta bayanmu. Ya san in Aldo ya faɗi a gaban garin nan, ko ƙashi bai karye ba, ba zai ƙara fitowa daga gida ba.

Sai ya ɗora tafukansa biyu a kan takardar da aka shimfiɗa wa teburin, ya fara shafawa. Shuu. Shuu. A hankali, daidai ƙafar Aldo.

Lindsay mai piyano ya ji. Ya dubi Darcy, ya dubi Reno. Darcy ya zare ƙaho daga baki: "Lindsay, kada ka kuskura!" Kiɗa ya rabu biyu, ganga na gudu, takarda na ja, jama'a sun tsaya cirko-cirko. Lindsay ya sunkuyar da kai ya bi takarda. Mai babbar jita ya bi shi. Har baƙon makaɗin, da ya leƙo ya ga abin da ke faruwa, ya sassauta hannu. Takun Aldo ya daidaita. Ya kai ƙarshen waƙar a tsaye.

Ladan Reno? Darcy ya kai ƙara wai ya ɓata wasa, kwamitin kulob ya hana shi shiga zauren ranar Lahadi.

Reno, kai ne bangon da ba a gani, wanda muka jingina da shi ba mu sani ba. Kai ne ka bari aka ce ba ka iya ba, don kada a ce mu ne ba ma iyawa. Mun gode. Allah ya ba matasan makaɗa ido irin naka, su riƙa duba wa suke yi wa kiɗan.

Ku kuma 'yan kwamiti, ban yi makaranta ba, ban san dokarku ba, amma na san zalunci in na gan shi. Ku mayar da shi kan gangarsa, kuma Darcy ya ba shi haƙuri a inda ya ci masa mutunci. In kun ƙi, Lahadin nan za mu zo dukkanmu, mun ci ado, mu zauna mu naɗe hannu. Ku kaɗa wa katakon filin rawa, mu ga ko zai taka.